Iska ba ta shiga birki sai da ƙofa

Duk mai sauraron labaran rediyo a jihar Kebbi ya saba da maganar nan: direba ya ce birki ne ya tsinke masa. A faɗi haka, a ƙirga waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, a ce an kai masu rauni asibiti, masu karaya kuma danginsu su nufi Aliero da su wurin masu ɗori, shi ke nan an rufe babin. Ba a cika tambayar halin da birkin yake ciki mako guda kafin ranar ba. Da za a tambaya, direban kuma ya faɗi tsakaninsa da Allah, sau da yawa labarin ɗaya ne: feda ta fara laushi, sai an buga ta sau biyu take kamawa, an ratsa gareji an yi bilidin, wato fitar da iska daga birki, an ƙara mai, an koma layi an yi lodi.

Jega mahaɗa ce tun kafin a san mota. Buhari ɗan Abdussalami ya kafa ta a farko-farkon ƙarni na 19, ba a jima ba kasuwarta ta zama zangon fataken goro masu zuwa Gwanja. Jakuna sun ja baya, amma mahaɗar tana nan. Hanyar da ta taso daga Sakkwato ta bi ta Tambuwal da Aliero a nan take haɗuwa da wadda ta nufi Kalgo da Birnin Kebbi, da kuma wadda ta gangara kudu ta Maiyama da Koko da Yawuri har Kwantagora. Tirelar albasa da Kanta mai ɗauke da shinkafa da Golf da Sharon na haya da babura da amalanken shanu duk kwalta ɗaya suke rabawa, ranar kasuwa kuwa har da 'yan talla da awaki. Direban da ke bin wannan hanya ya fi taka birki a kan duk wani abu da ke ƙarƙashin ƙafarsa, amma a gyaran mota birki ne aka fi yi wa rowa.

Ra'ayina shi ne duk mai ƙaramar mota, ta haya ce ko ta gida, ya kamata ya iya fitar da iska daga birki da hannunsa, a ƙofar gidansa, shi da mataimaki ɗaya. Kuɗin da zai rage ba su taka kara sun karya ba, kuma ba su ne damuwata ba. Wanda ya taɓa yin aikin nan da kansa ya san abin da yake gyarawa, ya kuma san abin da ba zai taɓa gyarawa ba. A garejinmu kuwa an mai da bilidin maganin kowace cuta, mai motar da bai san komai ba sai ya biya, ya yi godiya, ya ɗauki iyalinsa ya hau titi da ciwon da ya zo da shi.

Yadda birkin ke aiki ba wani asiri ba ne. Wani Bafaranshe mai suna Blaise Pascal ya bayyana ƙa'idar tun a ƙarni na 17: in aka matsa ruwa a cikin rufaffen mazubi, matsin yana isa kowane lungu daidai wa daida, domin ruwa ba ya matsuwa. A ƙarshen Yaƙin Duniya na Ɗaya Malcolm Loughead ya ɗora birkin mota a kan wannan ƙa'ida a Amurka, a 1921 kuma kamfanin Duesenberg ya fito da motar da duk ƙafafunta huɗu ke da birki mai aiki da mai. Har yau abin da ke cikin Golf ɗinka ke nan. Ka taka feda, masta, wato famfon birki, ta tura mai cikin siraran bututai, man ya isa kowace ƙafa ya matse faifai ko ya buɗa takalmin birki ya manne da duram. Tun da man ba ya matsuwa, duk ƙarfin da ƙafarka ta bayar sai ya isa taya. Iska kuwa tana matsuwa. In ɗan kumfa ya maƙale a bututu, takun farko a kansa yake ƙarewa, shi ya sa feda take laushi ta nutse, sai an buga an sake bugawa kafin mota ta ji.

Manomin albasa a Aliero, ko mai shinkafa a fadamar gulbin Zamfara a Jega, ya fi malamin makaranta gane wannan. In tiyon injin ban-ruwa ya sha iska, inji zai yi ta ruri ba ɗigon ruwa. Sai ya ɗura masa ruwa ya kori iskar, ruwa ya taso. Amma in bayan awa guda ya sake yankewa, ba zai wuni yana ɗura ba. Zai bi tiyon taku-taku har ya gano inda ya huje ko inda ɗaurin ya saki, domin ya san iskar ta wani wuri take shiga. Abin mamaki, mutumin nan da ba ya yarda a yi wasa da injin gonarsa shi ne zai kai mota bilidin sau uku a wata ɗaya bai taɓa tambayar ƙofar da iskar ke bi ba.

Ƙofofin kuwa ba su da yawa. Ko dai an kwance wani bututu lokacin wani gyara, ko an bar kofin mai ya ƙafe har masta ta zuƙi iska, ko kuma akwai yoyo. Na farko bilidin ya ishe shi. Na biyu da na uku ba su da magani sai an gano inda man ke tafiya, domin man birki ba ƙonewa yake kamar fetur ba. Yana ɗan sauka a hankali gwargwadon yadda birki ke cinyewa, wannan daidai ne, hasali ma alama ce ta a duba ko lokacin canji ya yi. Amma kofin da ake ƙara wa mai kowane mako zuba yake yi. Wani lokaci za ka ga jiƙa a bayan taya, wani lokaci sai an cire duram a tarar da cikinsa ya yi danƙo, wani lokaci kuma masta ce ke zubarwa ta baya, cikin baƙar tukunyar nan da ke ƙara wa ƙafa ƙarfi, inda ido ba ya gani. Motocin Kwatano suna da tasu matsalar. A Turai ana watsa gishiri a kan titi lokacin ƙanƙara, gishirin nan yana cin bututan ƙarfe daga ƙarƙashi, sai mota ta iso mana fenti yana ƙyalli, bututun birki kuwa ya yi tsatsa har farce na iya ɓamɓare shi.

Ƙafa ma tana ba da labari ga wanda ya saurare ta. Fedar da ke laushi amma ta yi tauri in an buga, yawanci iska ce, ko takalmin baya ya yi nisa da duram. Fedar da ta kama, amma in ka riƙe ta da ƙarfi ɗaya sai ta riƙa silalewa ƙasa a hankali, wannan robar masta ce ta gaji ko yoyo ne, ko a kwana ana bilidin ba za ta daina ba. Fedar da ta yi tauri kamar dutse mota kuma ba ta tsayawa, matsalarta tana wani wuri dabam, babu ruwan iska a ciki.

Sai dai abin da ya fi damuna ba iskar da ake ji a ƙafa ba ne. Akwai wata da ba ta nuna kanta sai lokacin da aka fi bukatar birki. Man da kusan duk motocinmu ke sha, wanda aka rubuta DOT 3 ko DOT 4 a jikin gwangwaninsa, yana zuƙar laima daga iska. Haka aka yi shi. A hankali ruwa yana ratsawa ta murfin kofi da ta jikin tiyon roba, damina bayan damina, har ya gauraye da man. Sabon DOT 3 bisa ƙa'ida ba ya tafasa sai ya kai digiri 205 a ma'aunin salshiyas, DOT 4 kuma 230. Amma in ruwa ya kai kashi 3.7 cikin ɗari, abin da ƙa'idar ta lamunce wa DOT 3 shi ne 140 kawai, DOT 4 kuma 155. Ruwan da bai cika cokali uku a lita guda ba ya kwashe digiri 65 zuwa 75 na kariyarka. Shi ya sa masu ƙera motoci da yawa suka ce a zubar da man a sa sabo duk shekara biyu. A tashar Jega ko ta Maiyama ka nemi direban da ya taɓa canza man birki gaba ɗaya ba don wani abu ya lalace ba. Za ka sha yawo.

Wani zai ce ai ƙasarmu shimfiɗaɗɗiya ce, ba mu da gangare irin na Hawan Kibo da ke dafa birki. Gaskiya ne, amma muna da abin da ya maye gurbinsa. Motar da aka ƙera don mutum biyar tana ɗaukar bakwai ko takwas, but ɗinta a buɗe an ɗaure buhuna da igiya. Aikin birki shi ne ya mai da gudu ya zama zafi. In nauyi ya ninka, zafin ya ninka. In gudu ya ninka, zafin ya ninka sau huɗu. Ƙara da ramuka da shingayen jami'an tsaro da tudun rage gudu a kowane ƙauye, da garken shanu da ke tsallakawa ba sallama, da zafin watan Afrilu da ke wuce digiri 40 tun mota ba ta motsa ba. In kuma akwai ƙafa ɗaya da ke riƙewa ba ta sakin faifai sosai, ita kaɗai ta isa ta tafasa tsohon mai. Da ya tafasa sai tururi ya cika bututu, tururi kuma yana matsuwa kamar iska, feda ta tafi ƙasa ba ta tarar da komai ba. Bayan mota ta huce tururin ya koma ruwa, fedar ta dawo daram. Washegari a zo a taka a ce birki lafiyarsa lau, sai zargi ya koma kan barci ko kan tsautsayi, tsohon man kuma yana nan a ciki yana jiran wata rana.

To me ake zubawa a kofin? Nan ma akwai magana. Gwangwanin da aka buɗe aka ajiye a kan benci wata da watanni ya riga ya sha laimarsa tun bai shiga mota ba. Akwai masu zuba man giya ko baƙin mai in sun rasa, wannan kuwa yana kumbura duk robobin da ke cikin birkin, kwana kaɗan su narke, gyaran ya koma canza komai. Akwai tsohuwar dabarar direbobi ta kaɗa ruwan Omo a zuba don a ƙarasa gari. Ban ga laifin wanda ya maƙale a daji da dare ya yi haka ya lallaɓa a giya ɗaya zuwa gari mafi kusa ba, amma ruwa a digiri 100 yake tafasa, kuma tsatsa yake haifarwa, wanda ya bar shi ya kwana biyu a ciki ya san abin da ya shuka. Har a cikin man gaske ma akwai tarko: DOT 3 da DOT 4 da DOT 5.1 dangi ɗaya ne, suna haɗuwa, amma DOT 5 wani jinsi ne dabam, ba a gauraya shi da su. Abin da motarka ke sha yana rubuce a kan murfin kofin, a duba kafin a saya.

Mafi muni duka ita ce toshe layi. Ƙafar baya tana yoyo, babu kuɗin roba, sai a naɗe bututun a daddake shi da guduma, ko a cusa masa ƙusa. Yoyo ya tsaya, feda ta yi tauri, kowa ya ji daɗi. Mota kuma ta koma tsayawa da ƙafa uku, in an taka da ƙarfi ta fizga gefe guda. Tun ƙarshen shekarun 1960 ake raba birkin mota gida biyu, don in layi ɗaya ya fashe ɗayan ya tsayar da ita. Mai toshe layi ya cinye rabin wannan ajiya tun yana gida.

Yanzu ga aikin kansa, ga wanda ya tabbata motarsa ba ta yoyo, yana so ne ya zubar da tsohon mai ko ya kori iskar da ta shiga bayan wani gyara. A nemi daidaitaccen wuri mai tauri, a sa weji, a kashe inji. In za a cire taya, kada a dogara da jak shi kaɗai, kada kuma a jera bulo, domin bulo yana rugujewa ba gargaɗi. Katako mai kauri ko ƙafar ƙarfe ake sawa. Kayan aiki kaɗan ne: sabon mai a rufe, lita guda ta ishi yawancin ƙananan motoci, da sifana mai zobe daidai da notin, yawanci lamba 8 ko 10 ko 11, da siririn tiyo wanda ake ganin abin da ke cikinsa, irin na man babur, da kwalba. A goge murfin kofin tukuna, musamman da hunturu, don ƙura ba ta da wurin zama a ciki. A zuƙe tsohon man da sirinji, amma kada a ƙafar da shi har gindi, sannan a cika da sabo.

A kowace ƙafa akwai ɗan notin fitar da iska, a can sama yake, tun da iska sama take hawa. A nan zan ɗan ratse: in ka tarar da notin yana kallon ƙasa, to wani ya musanya kalifa, wato abin da ke matse faifai, ta dama da ta hagu, kuma iskar ba za ta taɓa fita ba sai an mai da kowace wurinta. A sa sifana, a cusa tiyo a bakin notin, ɗaya bakin a nutsar da shi cikin ɗan mai a kwalba. Al'ada ita ce a fara da ƙafar da ta fi nisa da masta. Tun da Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama a watan Afrilun 1972 sitiyarin motocinmu yake hagu, masta ma tana can, don haka a fara da bayan dama, sai bayan hagu, sai gaban dama, a ƙare da gaban hagu. Wasu motocin nasu jerin dabam ne, littafin mota shi ne alƙali in ana da shi.

Sauran aikin na baki ne da kunne. Na ƙasa ya ce buga, na ciki ya taka feda sau uku ko huɗu a hankali, ba irin bugun mai jin haushi ba, don gaggawa tana farfasa kumfa ya zama ƙanana masu wuyar fita. Ya ce riƙe, na ciki ya danne ya amsa da cewa ya riƙe. Na ƙasa ya sassauta notin kwata ɗaya, mai ya fita, feda ta sauka, ya ɗaure, sannan ya ce saki. Duk sirrin yana cikin wannan jeri. In ƙafa ta ɗaga kafin a ɗaure noti, iskar da aka kora ta dawo da 'yan'uwanta. Saboda haka kada a ɗora yaron da hankalinsa ke kan waya a kujerar direba. Gara uwargida ko ƙanen da ke jin magana, a kuma kashe rediyo, a sauke gilashi. A tsohuwar mota yana da kyau a sa guntun katako ƙarƙashin feda don kada ta kai ƙasa. Dalili kuwa, can ƙarshen masta wuri ne da roba ba ta taɓa zuwa ba a tuƙin yau da kullum, datti da tsatsa sun taru, in aka tura ta can sai ta yage. Mutane da yawa sun shiga bilidin da lafiyayyar masta sun fito da matacciya ta wannan hanya.

A maimaita har man da ke bi ta tiyo ya daina kumfa, launinsa kuma ya koma na sabo, daga baƙi-baƙin shayi zuwa garai-garai. Bayan kowane bugu biyar ko shida a leƙa kofi a ƙara, domin in ya ƙafe an koma gidan jiya. In an gama ƙafa huɗu a cika zuwa layin sama, a rufe, a danne feda rabin minti a ga ko za ta silale, a leƙa kowane noti a ga ko yana tsattsafo. Gwajin farko a fili za a yi shi, a hankali, ba a kan hanyar Maiyama ba. A rubuta wata da shekara a ɗan takarda a manna a ƙarƙashin bonet.

Tsohon man da aka tara kuwa a yi hattara da shi. Yana cin fenti, yana ƙona ido, kuma guba ne. Da yawa daga cikin man birki suna ɗauke da sinadarin nan da aka samu a maganin haƙoran yara na My Pikin, wanda hukumomin lafiya suka ce ya kashe yara 84 a Najeriya tsakanin ƙarshen 2008 da farkon 2009, ta hanyar lalata musu ƙoda. Kada a bar shi a gorar lemo a tsakar gida inda yaro zai gani, kada a zubar kusa da rijiya ko inda kaji da awaki ke kiwo. Masu shafa shi a fata da sunan maganin ƙyasbi ko makero su ma su ji da kyau.

Akwai inda aikin gida ya tsaya, kuma sanin wurin yana cikin iyawa. Notin da ya ƙi motsi kada a yi masa ƙarfi, rami ne da shi a ciki, yana karyewa, in ya karye aiki ya zama na mai walda ko na sayen wata kalifa. In an sa sabuwar masta, ita kanta sai an fitar mata da iska kafin a ɗaura. Motoci masu ABS, wanda Bosch da Mercedes suka fara yaɗawa a 1978 kuma yanzu yana cikin kusan duk abin da ke shigowa, ana iya canza musu mai a gida matuƙar ba a bar kofi ya ƙafe ba. Amma in iska ta shiga akwatin ABS ɗin kansa, wasu sai an jona musu kwamfuta ta buɗe ƙofofin ciki. Tirela da manyan motoci kuwa ba su cikin wannan zance, da iska birkinsu yake aiki, abin da suke bukata shi ne a riƙa tsiyaye ruwan da ke taruwa a tankunan iskar.

Na san abin da kanikawa za su ce: an koya wa mutane rabin sani, gobe su ɓata su kawo mana. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, kuma ba kowa ne ya dace ya riƙe sifana ba. Amma in za a yi adalci, laifin bilidin na ƙarya ba a wuyan bakanike kaɗai yake ba. Sau da yawa shi ne ke cewa, “Alhaji, robar nan ta mutu, sai an canza.” Amsar da yake samu ita ce, “Haba Oga, lallaɓa muna ita dai, in mun dawo daga Yawuri a yi.” Ya san in ya ƙi, na kusa da shi zai karɓa. Tun da aka cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayun 2023 wannan roƙo ya ƙaru, domin direban haya yana fitar da kuɗin mai da balas ɗin mai mota da na kamasho kafin ya ga na cefane, kayan gyara kuma sun bi dala sun hau. Ban raina wannan ƙunci ba. Sai dai mai motar da ya taɓa kwanciya a ƙarƙashinta ya ga jiƙaƙƙen duram da idonsa ba zai iya yin wannan roƙo da sakin fuska ba, kuma bakanike na gari ya fi kowa cin ribar irin wannan abokin ciniki, domin shi ne zai biya kuɗin gyaran gaske ba tare da ya ɗauka ana cutarsa ba.

Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa tana aiki tun 1988, ga kuma jami'an duba lafiyar motoci na jiha. Abin da aka fi gani a bakin titi shi ne duba takardu da tukunyar kashe gobara da taya. Ba zan ce su riƙa kwance ƙafar kowace mota a kan hanya ba, ba zai yiwu ba. Akwai waɗanda suka fi su kusa da matsalar. Jami'ar kimiyya da fasaha da aka kafa a Aliero a 2006 tana da ɗaliban da ke neman abin da za su yi bincike a kai kowace shekara. Su zagaya shagunan kayan mota a Jega da Aliero da Maiyama, su sayi kowane irin man birki da ake sayarwa, su auna a digiri nawa yake tafasa, su kwatanta da abin da aka rubuta a gwangwani, su kai sakamakon ga hukumar kula da ingancin kaya, su kuma liƙa shi da Hausa a tasha. Aiki ne da bai fi ƙarfin ɗakin gwaji na jami'a ba, kuma direba zai san abin da yake saye.

Ƙungiyar direbobi kuma ita ce ke da iko a kan layi, ita ke cewa wane ne zai yi lodi. Akwai ɗan abin gwaji mai kamar biro da ake tsomawa a kofi ya nuna yawan ruwan da ke cikin mai, guda ɗaya ya ishi tasha guda. Ko babu shi, kafin a kira fasinja wani dattijon direba ya shiga ya danne feda rabin minti, ya buɗe bonet ya leƙa kofi. Motar da fedarta ta silale ta koma bayan layi sai an gyara, ko da ta shugaban tasha ce.